Jean Rouch: injiniyan hanya da ya shigar da silima jami'a

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata da ƴan uwa ƴan kasuwa, da yawa daga cikinmu in yaro ya samu bak ya ce silima yake so ya karanta, sai rai ya ɓaci. Uwa ta tuna wahalar da ta sha a rana tana saida tumatir da yaji don biyan kuɗin lakkwal, ta ga kamar yaron zai zubar da guminta cikin wasa. To, yau mun kawo muku tarihin wani Bafaranshe da ya yi rayuwarsa tsakanin Paris da Yamai, wanda ya kusa rasa aikinsa saboda silima, daga baya kuma ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka sa jami'a ta karɓi silima a matsayin ilimi har zuwa digirin doktora. Sunansa Jean Rouch, kabarinsa kuma yana Yamai.

Haihuwa da karatu

An haifi Jean Rouch a birnin Paris ranar 31 ga watan Mayu na 1917. Ubansa, Jules Rouch, hafsan sojan ruwa ne kuma masanin yanayi, yana cikin ayarin da ya tafi bincike ƙarshen kudancin duniya, ƙasar ƙanƙara, daga 1908 zuwa 1910. Saboda aikin uban, yaron ya tashi yana yawo daga wannan tashar jirgin ruwa zuwa waccan.

Karatun da ya fara yi ba shi da haɗi da silima. A 1937 ya ci jarabawar shiga babbar makarantar injiniyoyin gadoji da hanyoyi ta Paris. Yana can yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, aka ɗauke shi soja, aikin farko da aka ba shi a 1940 kuwa shi ne fasa gadoji don tare sojan Jamus. Da ya koma ƙarasa karatu, Paris na hannun Jamusawa, sai ya riƙa zuwa sauraren darasin wani malami mai suna Marcel Griaule, masanin al'adun Dogon na ƙasar Mali. Tun kafin yaƙi kuma ya saba zuwa kallon tsofaffin finafinai a wurin Henri Langlois, mutumin da ya kafa gidan adana finafinai na Faransa.

Zuwansa Nijar

A 1941 ya sauka Yamai a matsayin injiniyan gwamnatin mulkin mallaka. Zamanin aikin dole ne. Dubban talakawa aka kwaso daga ƙauyuka suna fasa dutse da ɗaukar ƙasa a ka don yin hanya, shi kuma yana shugabansu. Kakanninmu sun san zafin wannan lokaci, ba a kuma soke aikin dole ba sai a 1946.

A bakin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, ya haɗu da wani saurayi ɗan Sarkawa masu su, mai suna Damure Zika. Ya ɗauke shi aiki, abotarsu kuma ta kai shekara sama da 60. A 1942 aradu ta faɗo wa ma'aikatan hanya ta kashe mutum 10. Damure ya kirawo kakarsa Kaliya, wadda ta san al'adar Sonrai game da aradu, ta zo ta shirya wasan da suke yi, irin wanda Hausawa ke kira bori. Rouch ya tsaya ya kalla, ya rubuta abin da ya gani dalla-dalla, ya aika wa malamansa. Daga nan hankalinsa ya fara barin siminti da tsakuwa.

Bai daɗe ba gwamnan Nijar na lokacin, wanda ke bin gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, ya kore shi bisa zargin yana goyon bayan Janar de Gaulle. Ya faɗa Dakar, inda Théodore Monod, shugaban cibiyar bincike ta IFAN, ya ba shi mafaka da damar karatu a ɗakin littattafai. Daga can ya koma soja, ya ƙare yaƙi a Jamus a 1945.

Kwalekwale da kamara ta hannu

Daga 1946 zuwa 1947, shi da abokansa biyu na makaranta, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi kogin Isa tun daga mafarinsa a ƙasar Gine har inda ya faɗa teku a Najeriya, tafiyar da ta haura kilomita 4,000. Kafin su tashi Rouch ya sayi wata tsohuwar kamara Bell & Howell a kasuwar ƴan gwanjo ta Paris. Irin mai wani ce, kamar agogon da, ba ta iya ɗaukar ko rabin minti sai an sake wana ta. A hanya ya rasa ƙafafun da ake kafa ta a kai, dole ya riƙe ta a hannu. Abin da ya zo masa da tsautsayi shi ya zama salonsa: mai kamara ya tashi ya bi mutane, ya shiga cikinsu.

A Ayoru ya ɗauki Sarkawa suna farautar dorina. Wani kamfanin Paris ya sayi hotunan, ya sake jera su yadda ya ga dama, ya ɗora musu magana irin ta raina baƙar fata. Rouch bai ji daɗi ba, ya gane cewa wanda bai iya haɗa fim ɗinsa da kansa ba, wani zai sa masa magana a baki.

Takarda ta kusa kayar da shi

A nan ne darasin farko yake ga duk mai son aikin jami'a. Bayan tafiyar kogi, babbar hukumar binciken kimiyya ta Faransa, CNRS, ta ɗauke shi a matsayin ƙaramin mai bincike, da sharaɗin ya rubuta kundin doktora a ƙarƙashin Griaule. A zamanin, doktora ta ƙasa kundi biyu ake rubutawa, babba da ƙarami. Rouch kuwa ya bi dawa a kan doki yana ɗaukar finafinai. A 1949 wani fim nasa da ya ɗauka a ƙasar Sonrai ya ci kyauta a bikin Biarritz, amma hukuma ba ta ƙirga wannan a cikin aiki ba. A idon malaman lokacin, fim abin nishaɗi ne, ilimi sai a rubuce. A 1951 aka dakatar da shi saboda bai gama kundi a kan lokaci ba.

Ya zauna ya rubuta. A 1952 ya kare doktorarsa a jami'ar Sorbonne, ƙaramin kundin a kan tarihin Sonrai, babban a kan addininsu na gargajiya, wanda aka buga littafi a 1960. A 1953 aka mayar da shi aiki, ya kuma zauna a CNRS har ya kai babban matsayi na daraktan bincike. Albashin nan ne ya ba shi damar yin finafinai sama da 100 ba tare da ya jira mai kuɗi ba. A wannan tsakani, shi da wasu manyan malamai suka kafa kwamitin finafinan al'adu a gidan tarihi na Musée de l'Homme, don a fara ɗaukar fim a matsayin shaidar bincike.

Masunta sun gyara wa dokta aiki

A 1954 ya koma Ayoru da fim na biyu da ya yi a kan farautar dorina. Aka rataya farin ƙyalle, aka tada inji, mutanen gari suka ga kansu. Da aka gama, masunta suka nuna masa kuskure: ya sa kiɗa a wurin farauta, alhali a saninsu ana farautar dorina cikin shiru, kiɗa ƙarfin zuciya yake ƙara mata. Rouch ya cire kiɗan. Ya kuma lura da wani abu: kundinsa na doktora ba mai iya karanta shi a ƙauyen, amma fim kowa ya gani ya faɗi ra'ayinsa, har tsohuwa da yaro. Daga ranar ya ɗauki al'adar mayar wa mutane hotonsu su duba kafin a kai waje.

A wannan zama ne Damure ya kawo shawarar su yi fim na ƴan ci-rani. Haka aka samu Jaguar, labarin samari uku, Damure, da Lam Ibrahim Dia makiyayi, da Illo Gaudel masunci, da suka tashi daga Ayoru zuwa ƙasar Gana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast. Sun yi dako, sun yi kiwo, sun yi aikin katako, daga bisani suka haɗa jari suka buɗe tebur a kasuwar Kumasi, suka dawo gida da tsaraba suka rabar. An ɗauki fim ɗin a 1954 da 1955, ya fito a 1967. Duk wanda kakansa ya yi fataucin Kumasi zai gane abin da ke ciki.

Inda aka soke shi

Ba kowa ya yaba masa ba. A birnin Ankara na Gana, a 1954, ya ɗauki ƴan Hauka, wata ƙungiyar masu hawan iska da ta samo asali a yankin Filinge wajen 1925, waɗanda ake kira ƴan Babule. A wasansu suna kwaikwayon gwamna da kumandan da sojan Turawa. Da aka nuna fim ɗin, Les Maîtres fous, a Paris, malaminsa Griaule ya nemi a lalata shi, ɗaliban Afirka da ke wurin suka fusata, suna ganin zai ƙara wa Turawa raina baƙar fata. Ingilishi sun hana nuna shi a ƙasashen da suke mulka. Duk da haka ya ci kyauta a bikin Venise a 1957.

Fushin ɗaliban yana da tushe. Tun 1934 akwai dokar Laval, wadda ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da Faransa ke mulka sai da izinin gwamna. Rouch yana samun izini. Amma Paulin Soumanou Vieyra, ɗan Dahomey, baƙar fata na farko daga kudu da Sahara da ya gama babbar makarantar silima ta IDHEC a Paris, an hana shi ɗaukar fim a Afirka, dole shi da abokansa suka yi nasu, Afrique sur Seine, a Paris a 1955. Ga diflom a hannu, ga ƙofa a rufe. A 1965 kuma Ousmane Sembène na Senegal ya faɗa wa Rouch ido da ido cewa masu bincike irinsa suna kallon ƴan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Har yau malamai na muhawara a kan wannan zargi.

Waɗanda ya buɗe wa ƙofa

Amsar da ta fi ƙarfi ita ce mutanen da suka fito ta hannunsa. A Abijan ya haɗu da Umaru Ganda, ɗan Yamai, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indochine, yana dako a tashar jirgin ruwa. Shi ya zama tauraron fim ɗin Moi, un Noir, wanda ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958. Ganda ya dawo gida ya koyi aiki, ya yi Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969, sannan fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, babbar cibiyar al'adu ta Yamai kuma na ɗauke da sunansa.

Mustafa Alasan makanike ne mai son zane. Ya samu aiki a cibiyar IFAN ta Yamai, wadda ta zama IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni, inda Rouch ke jagorantar bincike. Rouch ya taimaka masa ya tafi Kanada ya koyi fim ɗin zane mai motsi wurin Norman McLaren. Daga baya makaniken nan ya shugabanci sashen silima na jami'ar Yamai shekara 15, ya kuma zauna a Tawa. Musa Hamidu ya zama gwanin ɗaukar sauti. Inusa Useini, ɗan Damagaram, ya yi finafinai har da na wasan kara, ya kuma zama jakadan Nijar a UNESCO.

Akwai mace a cikinsu. Safi Faye malamar lakkwal ce a Dakar lokacin da suka haɗu a 1966. Ta fito a fim ɗinsa Petit à petit, ta tafi Paris ta karanta ilimin al'adu da aikin kamara, tana ƴan ayyuka don ciyar da kanta. A 1975 ta fitar da Kaddu Beykat a kan manoman gyaɗa na ƙauyensu, a 1979 kuma ta samu doktora. Shi kansa Vieyra, wanda ya soki fim ɗin ƴan Hauka, a ƙarƙashin Rouch ya kare doktorarsa a kan silimar Afirka a 1982.

Da tsofaffin abokansa kuma ya kafa ƙungiyar Dalaruta, daga farkon sunayen Damure, Lam, Rouch da Tallu Muzuran. Fim ɗinsu da aka fi so shi ne Cocorico Monsieur Poulet na 1974, labarin ƴan kasuwar kaji da ke shiga ƙauyuka da wata ruɓaɓɓiyar mota suna neman kajin da za su kawo Yamai, motar na mutuwa suna gyarawa. A 1976 fim ɗin Babatu, wanda aka gina a kan labarin da Bubu Hama ya bayar, ya shiga gasar Cannes da sunan Nijar.

Silima ta shiga jami'a

A Faransa ma sunansa ya yi nisa. Fim ɗin da ya yi da Edgar Morin a kan mutanen Paris, Chronique d'un été, ya ci kyautar masu sharhi a Cannes a 1961, na farautar zaki da baka kuma ya ci kyauta a Venise a 1965. Daga 1967 ya shafe shekaru yana bin bikin Sigi na Dogon tare da Germaine Dieterlen, bikin da ake yi sau ɗaya a shekara 60.

Bayan boren ɗalibai na 1968 jami'o'in Faransa sun buɗe ƙofa ga sababbin fannoni. Rouch na cikin waɗanda suka kafa koyar da silima a jami'ar Nanterre, karatun ya girma har ya kai matakin doktora, inda ɗalibi ke iya gabatar da fim tare da rubutu a gaban alƙalan jarabawa. Mutumin da aka dakatar a 1951 don yana fim maimakon rubutu, shi ne ya zauna kujerar malami yana karɓar fim a matsayin aikin ilimi. Kowace Asabar da safe yakan nuna finafinai a gidan adana finafinai na Paris ya yi bayani, kowa na iya shiga. Ya koyar a jami'ar Harvard ta Amurka a shekarun 1980, ya kuma shugabanci gidan adana finafinan daga 1987 zuwa 1991.

Bai manta da marasa diflom ba. A 1978 ya tafi Mozambik ya koya wa matasa ɗaukar rayuwar unguwarsu da ƙananan kamarori. Daga wannan gwaji aka kafa makarantar Ateliers Varan a Paris a 1981, inda ake koyo da hannu a kan kamara.

Abin da ake nema ga mai bin wannan hanya

Ga iyayen da ke tambaya, ga yadda tsani yake a tsarin jami'o'in da ke aiki da Faransanci. Bayan bak, shekara 3 a samu lisans, ko da a wani fanni ne kamar adabi, tarihi ko ilimin zamantakewa. Sai master, shekara 2. A nan ana duba takardun maki na shekarun baya, da wasiƙar da ɗalibi ya bayyana dalilinsa, da tsarin aikin da yake so ya yi, sau da yawa har da ganawa da malamai. Doktora kuma shekara 3 ce a ƙalla, ba a kuma shiga sai da master, da rubutaccen tsarin bincike, da malamin da ya yarda ya jagoranci aikin. Sai a nemi guzuri, burs ko aiki, domin rashin kuɗi na tsayar da ɗalibai da yawa a tsakiyar hanya. Wanda ya samu doktora ya shiga koyarwa, ƙarin girmansa ya dogara ga abin da ya rubuta aka buga. A ƙasashe da dama na Afirka hukumar CAMES ke auna wannan, wadda aka yanke shawarar kafa ta a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu.

A sani kuma karatun iri biyu ne. Akwai makarantar koyon sana'a, inda ake fitar da mai kamara, mai sauti da mai haɗa hoto. Akwai na jami'a, inda ake fitar da mai nazari da malami. Kujerun koyarwa kaɗan ne, don haka mai hankali yakan riƙe duka biyu, kamar yadda Rouch da Safi Faye suka yi. Ƴar Damagaram Aicha Macky ta bi irin wannan hanya: ta karanta ilimin zamantakewa a jami'ar Yamai, ta yi master na fim a makarantar IFTIC da jami'ar Gaston Berger ta Senegal, sannan fim ɗinta mai suna Zinder na 2021 ya zagaya bukukuwan duniya.

Rasuwarsa

Matarsa ta farko, Jane, ta rasu a 1987. A 2002 ya auri Jocelyne Lamothe, a shekarar kuma abokinsa Lam ya rasu. A watan Fabrairu na 2004 ya zo Yamai don wani biki na tunawa da finafinan Nijar. Daren 18 ga wata suna kan hanyar Tawa, motarsu ta yi karo da kamiyo kusa da Birnin Ƙonni. Rouch ya mutu yana da shekara 86. Matarsa, da Damure Zika, da Mustafa Alasan suna cikin motar, suka tsira. An binne shi a maƙabartar Kirista ta Yamai. Damure, wanda ya yi aikin jinya tsawon rayuwarsa, ya rasu a 2009, Mustafa Alasan kuma a 2015.

Cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai ta ɗauki sunan Jean Rouch shekaru da dama. Daga baya hukumomin Nijar suka canja mata suna zuwa Mustafa Alasan, wato makaniken da Rouch ya taimaka wa ya tafi karatu. Finafinan da suka yi tare suna nan, a cikinsu akwai kasuwar Ayoru da ta Kumasi, da fuskokin kakannin da ba su bar wani hoto ba sai wannan. Uwar da ɗanta ko ɗiyarta ta ce silima za ta karanta, sai ta tambaye ta wace makaranta, wane diflom, wane malami, da wane guzuri. In amsoshin sun tsaya, a sa mata albarka.